Sunan da Babu a Littafi

Ranar wata Talata da hantsi, cikin daminar 1953, manzon dagacin Ruwan Bago ya iso ofishin 'yan doka na Karaye a kan keke, laka har gwiwa. Ya ce wani manomi mai suna Lukumanu ya yi mutuwar da ba a gane kanta ba, danginsa kuma sun ce matarsa ce ta sa masa abu a fura.

Sufeto Liti ya ɗauki hularsa. Shekararsa goma sha tara yana aikin doka, bai taɓa shiga ofishin wani ba tare da sallama ba, kuma hakan bai taɓa sa an sallame shi da wuri ba.

Kafin ya isa ƙauyen an riga an rufe gawa. Ya tarar da wan mamacin, Hammawa, a kan tabarmar makoki. Bayan ta'aziyya ya zauna kusa da shi.

"Yaya abin ya faru?"

"Lafiyarsa ƙalau, Sufeto. Ya sha furar da Barira ta dama, kafin la'asar haƙora sun datse. Washegari baya ya lanƙwashe kamar baka, mutum uku muka danne shi. Wace cuta ce ke yin haka?"

"Bai yi wani ciwo kafin nan ba?"

"Ko mura."

Sufeto ya nemi limamin da ya wanke gawar, ya ja shi gefe.

"Abin da mai wanka ya gani ba na faɗa ba ne," in ji liman. "Amma tunda ran wata ya shiga ciki, zan faɗa. Akwai kumburi a ɗuwawunsa na dama, ya yi baƙi. Zazzaɓi kuwa ya yi shi, sati guda bai zo masallaci ba. Hammawa ya sani. Haushi yake ji don yarinyar ta tsallake maganarsa ta kai ƙaninsa asibiti."

A ranar aka kawo Barira Karaye. Alƙali ya ce shari'ar rai ba tasa ba ce, a ajiye ta a gidan wakafi har motar En'e, wato ta hukuma, ta zo ƙarshen wata ta kai ta Kano. Sufeto ya san abin da ke can. Idan babu shaidar da za ta wanke ta, dangin mamaci suka yi rantsuwa hamsin a kanta, to magana ta ƙare. Hammawa kuwa zai rantse, ko ɗar ba zai ji ba.

Ya same ta zaune a ƙasa, ta lulluɓe har goshi. A nan ta fara takaba.

"Baiwar Allah, an ce kin kai shi asibiti."

"Na kai shi, ranka ya daɗe. A kan jakin maƙwabta. Sai bayan la'asar muka isa, mutane duk sun watse. Aka yi masa allura. Ya ji sauƙi har ya fita gona kwana biyu."

"A ina aka soka?"

Ta sunkuyar da kai, ta nuna damanta da hannu.

Asibitin da take nufi ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano a bakin hanyar Rogo, ma'aikacinsa ɗaya, Malam Daudu. Mutanen ƙauye Likita suke ce masa, shi kuma bai taɓa gyara musu ba. Likitan gaske Bature ne, yana Kano, yakan zo rangadi bayan wata biyu ko uku.

Sufeto ya yi sallama, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwan bana, sannan ya kawo abin da ke tafe da shi.

"Lukumanu?" Malam Daudu ya ɗaga ido sama. "Ban san shi ba."

"Da matarsa suka zo, a kan jaki."

"Sufeto, kowa a kan jaki yake zuwa nan. Wanda ya zo da ƙafarsa ai lafiyarsa lau."

"Ko za ka taimaka in leƙa littafinka?"

Malam Daudu ya ɗora tafinsa a kan babban littafin da ke tebur. "Wannan na Likita ne. Ko hakimi bai isa ya buɗe shi ba sai da takarda daga ofishin Likita. Ka rubuta musu. Ni ɗan aike ne."

Gaskiya ya faɗa a nan, abin da ya fi ɓata wa Sufeto rai ke nan. Littafin yana gabansa, kamu biyu tsakaninsu, amma kakin da ke jikinsa bai ba shi ikon taɓa shi ba.

Ya koma ofis ya rubuta takarda, ya ba direban motar kasuwa. Kwana takwas ba amsa. Ya rubuta ta biyu:

"Zuwa ga ofishin Likita. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tunatarwa cikin ladabi game da takardata ta ran shida ga wata, wadda na roƙi a duba mini ko an yi wa Lukumanu na Ruwan Bago magani. Na san aiki ya yi muku yawa. Sai dai akwai mace a tsare, kwanakinta kuma ƙidayayyu ne. A gafarce ni da damu. Ni ne naku, Liti, Sufeto."

Sau biyu ya yage ta kafin ya samu wannan. A wadda ya fara yagewa ya rubuta abin da ke ransa. Amma ya san takarda mai zafi ita ake fara turawa ƙarƙashin tuli.

Bayan kwana biyar ya bi ta da kansa. A ofishin ya tarar da akawu mai tabarau yana cin gyaɗa a bayan tarin fayil.

"A'a, kai ne mai takardun Karaye? Suna nan lafiya. Sun fi ka hutawa."

"Ko Likita ya gani?"

"Likita yana rangadi."

"Yaushe zai dawo?"

"Da na san wannan, da ni ne Likitan."

Sufeto ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya yi godiya, ya roƙi a sa ido. Ya gode wa mutumin da bai yi masa komai ba, don gobe ma wurinsa zai dawo. Haka talaka yake yi a ƙofar ofis, ashe mai kaki ma haka.

Amsa ta zo saura kwana shida mota ta iso. Layi biyu ce: "An tambayi ma'aikacinmu na wurin. Ya duba littafi, babu Lukumanu."

Sufeto ya karanta sau uku. Wato duk wannan jira, Malam Daudu suka aika wa ya duba kansa da kansa.

Ya tafi gidan wakafi ba don yana da abin faɗa ba. Barira ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Ba ta tambayi shari'a ba, 'yarta Tani ta tambaya, wadda aka bari wurin maƙwabta.

"An ce babu sunansa a littafin," in ji shi.

"Wallahi ya rubuta. Ina kallo ya tsoma alƙalami."

"Wa ya ba shi sunan?"

"Ni. Shi karkarwa yake, ba ya iya magana."

"Me kika ce?"

Ta kau da kai.

"Faɗa mini yadda kika faɗa masa."

"Na ce Baban Tani."

"Ba ki ce Lukumanu ba?"

"Haba, ranka ya daɗe! Da bakina? Shekara shida ban taɓa ba, sai a gaban baƙo?"

Sufeto ya dafe kai. Matarsa ta gida shekara ashirin da biyu ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko a bayan idonsa. Ya san haka kamar yadda ya san sunan nasa, amma da ya ɗauki alƙalami ya rubuta irin na ofis, sai ya manta. Sati uku yana neman sunan da ba wanda ya faɗa a asibitin.

Takarda ta uku ba za ta je Kano ta dawo cikin kwana shida ba. Ya rubuta ta duk da haka. Sai Allah ya sa rangadin Likita ya biyo ta Karaye saura kwana biyu. Wannan ba dabarar Sufeto ba ce, kada wani ya yaba masa. Da motar Baturen ta kafe a wani rafi, da labarin ya canza.

Tun safe ya tsaya a gindin darbejiya a ƙofar asibiti, shi da Kofur Barau, marasa lafiya suna shiga suna fita. Sai bayan azahar Likita ya fito yana goge wuya. Sufeto ya ƙame ya sara masa.

"Ranka ya daɗe, ni ne na dame ku da takardu."

"An ba ka amsa," in ji Baturen da Hausarsa mai tsalle-tsalle.

"An ba ni, na kuma gode. Kuskuren nawa ne, sunan da na aika ba shi aka rubuta ba. In ba damuwa, a sake duba mini Baban Tani, daga Ruwan Bago. Layi ɗaya ne."

Malam Daudu, da ke tsaye a bayan Likita, ya ce, "Ranka ya daɗe, rana ta yi, ga hanya ba kyau..."

"Kawo littafi."

Shafukan littafin suna da lamba, Likita kuma yana sa hannu a kowane, shi ya sa ba a iya yage ko ɗaya ba. Baturen ya bi da yatsa, ya juya, ya sake juyawa, ya tsaya. Baban Tani, Ruwan Bago. Zazzaɓi. Allurar kwinin.

Sufeto ya gaya masa yadda mutumin ya mutu: haƙora a datse, baya a lanƙwashe, kumburi a inda aka soka. Likita bai bari ya gama ba.

"Ba guba. Cuta ce, tana shiga ta rauni." Ya juya. "Daudu, ina risho na dafa allura?"

Rishon yana ƙarƙashin tebur. Likita ya girgiza shi, ba motsin komai a ciki. Gizo-gizo ya yi saƙa a kan lagwani.

Sufeto ya aiki Kofur Barau ya zo da Barira. Da ta tsaya a bakin ƙofa, Sufeto ya ce, "Malam, ka san wannan?"

Malam Daudu ya zauna a kan benci.

"Na san ta. Tun ranar da ka fara zuwa na san wanda kake nufi." Ya dubi Likita. "Kananzir ya ƙare wata biyu da suka wuce. Takarda uku na rubuta ofishinka, ranka ya daɗe, da gaisuwa da komai. Da itace nake dafawa. Ran nan an yi ruwa, itacen ya jiƙe, yamma ta yi. Na ce su kwana a gari sai gobe. Ta durƙusa a nan, ta ƙi tashi. Sai na ɗauraye allurar da ruwan randa na yi masa."

Baturen ya yi ja har kunne. Takardun nan uku suna kan teburin akawunsa, watakila a tuli ɗaya da na Sufeto.

"Allura kuskure ne, Malam," in ji Sufeto. "Amma kwana ashirin da shida kana kwana a gidanka, ka san abin da ke jiran matar nan a Kano."

"Na ce ko za su sake ta don kansu."

"Wa zai sake ta?"

Malam Daudu ya sunkuyar da kai. Ba mugu ba ne irin wanda ake ba yara labari. Matsoraci ne mai tsoron rasa aiki, irinsu kuma sun fi mugaye cika kabari.

Likita ya rubuta wa alƙali takarda a tsaye, ya sa hannu, ya miƙa wa Sufeto. Minti biyu ta ɗauke shi.

"An wanke ki, Barira," in ji Sufeto. "Ba za ki Kano ba. Gobe za ki ga 'yarki."

Ba ta yi murna ba. Idonta yana kan kwanon da allurai ke ciki.

"Ranka ya daɗe, allurar ce ta kashe shi?"

"Ita ce."

"Shi Malam ya ce in bari sai gobe."

"Ba laifinki ba ne."

"Yaya Hammawa ma ya ce kada in kawo shi."

Sufeto ya gyara hularsa. A aikinsa an koya masa kama mutum da rubuta rahoto, wannan ba a koya masa ba.

Kofur Barau ya kama hannun rigar Malam Daudu. Likita ya datse ƙofa da kwaɗo, ya sa makulli a aljihu, mutum bakwai da suka rage a layi suna kallo, ba wanda ya tashi. Da aka zo wucewa da shi ta gabanta, Malam Daudu ya tsaya.

"Ki yafe mini, baiwar Allah."

Barira ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

"Na ma yi maka godiya ran nan," ta ce. "Har sau biyu."

Kofur ya ja shi, suka bi hanyar ofis.