Littafin Zaiba na Gidan Modibbo Hamman

Da hantsi Malam Zaharaddin ya shigo komisariya, ofishin 'yan sanda, a fusace, ya ce an sace littafin kakansa.

Insifekta Achille ya bi shi gida, unguwar Jambutu a Garwa. Littafin na alkimiya ne, rubutun hannu, yana bayanin yadda ake haɗa zaiba da farar wuta a juya tagulla ta koma zinariya. Kowa ya san shi da littafin Modibbo Hamman, kakan nasa.

Achille ya duba adakar da ake ajiye shi. Ba a fasa kwaɗo ba, wani zoben azurfa da ke ciki kuma yana nan.

"Wa ke da makulli?"

"Ni kaɗai."

"Wa ya ga littafin kwanan nan?"

"Wata Madam Florentine, mai binciken tsofaffin littattafai. Gobe za ta ɗauki hotonsa ta sa shi a rajista. Ita nake zargi."

Achille ya sami Florentine a masaukinta. Da farko ta ce ba ta yi magana da kowa a gidan ba. Da ya tsare ta da ido, sai ta sauke kai.

"Na gaya wa Malam rubutun bai yi kama da hannun Modibbo ba, kuma an yanke shafin ƙarshe, inda marubuci kan sa sunansa. Ya ce in rubuta Modibbo ko in bar masa gida."

"Sai kika yarda?"

"Na yarda. Da zan fita wata tsohuwa ta tare ni a zaure, ta tambaye ni sunan da zan rubuta. Na faɗa mata."

Tsohuwar Goggo Dela ce, 'yar Modibbo ta ƙarshe da ta rage, ƙanwar mahaifin Zaharaddin. Achille ya tafi da Zaharaddin gidanta a unguwar Pumpumre. A hanya Zaharaddin ya amsa cewa tana da tsohon makulli.

Suka tarar da ita a kan tabarma tana tsince shinkafa.

"Goggo, yaushe rabonki da Jambutu?" in ji Achille.

"Tun salla."

"Madam ta gan ki a zaure shekaranjiya."

Achille ya lura da igiyar fata da ta leƙo daga ƙarƙashin matashin da ta jingina da shi. Ya nuna da yatsa. Ita da kanta ta jawo gafakar littafin ta ɗora a cinya.

"Ni na ɗauka, kuma ba na neman afuwa."

"Goggo, kin kunyata gidanmu," Zaharaddin ya ce.

"Rufe min baki. Uwata Raihana ta rubuta shi. 'Yar maƙeran fari ce, masu ƙera azurfa da tagulla, a maƙerar ubanta ta koyi narka ƙarfe. Ina zaune kusa da ita tana rubutu, ni nake dama mata tawada. Modibbo bai taɓa cewa nasa ba ne. Bayan rasuwarsa ubanka ya sa reza ya yanke sunanta, wai kada a ce mace ta fi mai gida sani."

Achille ya juya ga Zaharaddin. "Za ka janye ƙara?"

"Sai in ta ce ƙarya take," in ji Zaharaddin.

Tsohuwar ta miƙe ta yafa mayafi, ta dubi Achille. "Mu tafi, ɗan nan."

Achille bai sa mata ankwa ba. A komisariya ya ɗauki biro ya fara rubuta bayaninta, yana karantawa a fili: "Na ɗauki littafin Modibbo Hamman…"

"Ban faɗi haka ba. Ba abin da na faɗa ake rubutawa ba?"

"Shi ake rubutawa."

"To rubuta: na ɗauki littafin Raihana 'yar Sule maƙeri."

Achille ya soke layin, ya rubuta yadda ta ce, ya buga hatimi. Ta dangwala yatsa, sannan ta bi wata 'yar sanda da ke jiranta a bakin ƙofa.