Bangon da Ke Numfashi

Rana ta ɗan ɗaga aka bugo waya caji ofis cewa an tsinci gawa a tsohon wurin bautar da ke bayan gari. Insifekta ya ture kofin shayinsa bai kurɓa ba, ya ɗauki hula, ya ce wa Sajan ya tayar da mota.

Wurin kango ne na mutanen dā. Daga sama ba abin da ya rage sai karyayyun ginshiƙai da wani ƙaramin ofis inda ake sayar wa masu yawon buɗe ido tikiti. Abin kallon yana ƙarƙashin ƙasa: wani zaure mai duhu da aka sassaƙa cikin dutse, matakala mai santsi ce ke kai mutum can.

A gindin matakalar gawar take, rub da ciki. Saurayi ne siriri, da katin jami'a rataye a wuyansa. Ɗalibi ne baƙo, daga wata ƙasa mai nisa ya zo karatun haɗa magunguna.

Likitan da ke duba gawar ya miƙe yana cire safar hannu.

"Ba faɗuwa ce ta kashe shi ba, yallaɓai. An buge shi a ƙeya tukuna. Dubi kuma farcensa."

Insifekta ya haska tocila. Ƙarƙashin faratan hannun dama akwai farin gari kamar alli. Ya lalube aljihunan. Makulli, biro, tikitin jiya. Babu waya.

Tsohuwa mai shara ce ta fara ganin gawar. Tana can sama a rana, ta rungume tsintsiyarta, ta ƙi saukowa ko taki ɗaya.

"Iya, me kika gani?"

"Ni dai na sha faɗa, ɗan nan, ba wanda ya saurare ni. Bangon can numfashi yake yi."

"Bango?"

"Wallahi. In ina shara ni kaɗai sai in ji shi a bayan kunnena, fuu, fuu, kamar maras lafiya. Wani lokaci har tari yake. Masu wurin ba su tashi ba, suna nan ciki."

Sajan ya yi 'yar dariya, amma ya matsa kusa da hasken rana.

Mai kula da wurin dattijo ne mai furfura, sanye da tsohuwar kwat, da tarin makullai a ƙugunsa. Tun yana saurayi yake aiki a nan, kowa Baba Mai Makulli yake ce masa. Ya tarbe su a ƙofar ofis idonsa jawur.

"Ka san yaron, Baba?"

"Baƙi da yawa ke zuwa. Ba na riƙe fuskoki."

"Jiya ina kake da yamma?"

"Tun azahar na tafi gida, jikina ba daɗi. Mai sayar da tikiti ya ja ƙofa da zai tashi. Da alama bai duba ƙasa ba."

"Mene ne a zauren da har mutum zai tsaya shi kaɗai?"

Fuskar dattijon ta ɗan saki.

"Dutse mai kuka. Yana cikin wani gurbi a jikin bango. Mutanen dā in za su yi bauta shi suke bugawa, ya yi ƙara kamar ƙararrawa. Yanzu mun hana taɓawa, mun zagaye shi da igiya."

"Zo ka nuna mini."

"Gwiwata ba ta son matakala, yallaɓai. Ba za ka ɓata ba."

Insifekta ya sauka shi kaɗai. Dutsen baƙi ne, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, an sassaƙa masa fuska mai rufaffun idanu. A gefen kumatun akwai ɗan farin tabo, sabo. Ya daɗe yana kallonsa. Zauren shiru, sai ɗigar ruwa daga wani lungu. Duk da haka ya ji kamar akwai mai sauraronsa.

Daga nan suka wuce ɗakin kwanan ɗalibai. Abokin ɗakin mamacin, ɗan ƙasarsu ne, yana zaune bakin gado ya haɗa kai da gwiwa. Bangon gefen mamacin cike yake da tikitocin wuraren tarihi da aka manna: tsoffin kaburbura, ganuwa, wuraren ibada iri-iri.

"Jiya tare kuka fita?"

"A'a, yallaɓai. Ina laburare."

Insifekta ya sunkuya ya jawo takalmin da ke ƙarƙashin gadon. Jar ƙasa ta bushe a tafinsa, irin ta bakin kangon.

"Laburaren naku noma ake yi a ciki?"

Saurayin ya fashe da kuka.

"Tsoro na ji. Baƙo ne ni a ƙasar nan, na san ni za a fara kamawa. Tare muka je, amma ban sauka ba. Na ce masa na gaji da bin kango, wannan karo na nawa ke nan, duhu da sauro kawai. Muka yi cacar baki, na hau bas na bar shi."

"Me ya sa yake ta komawa?"

"Saboda Inna."

"Wace Inna?"

"Mahaifiyarsa. Makauniya ce. Shi ya sa ba ya ɗaukar hoto, sai dai murya. Duk inda muka je zai kunna waya ya yi ta ba ta labari, ga tsayin ginin, ga sanyin bangon, ga kukan tsuntsaye. Ɗan Rediyo muke ce masa. Farkon zuwanmu ƙasar nan ya buga mata dutsen can ta ji, ta yi murna sosai. Kwanan baya ta ce tana marmarin ta sake ji, ya koma ya faki ido ya buga. Sai ta ce masa wannan ba dutsen da ta sani ba ne."

"Ta waya ta gane?"

"Ya yi ta yi mata dariya. Amma abin ya tsaya masa a rai."

Insifekta ya dubi Sajan.

"Wayarsa ta ɓace. Amma in ya aika wani abu jiya, yana can wurinta. Kai saurayi, kira mana ita, kai za ka yi tafinta."

An riga an sanar da ita rasuwar. Da aka haɗa kiran, muryarta ta fito a dishe amma ba rawa. Ta ce e, akwai saƙon jiya, ta saurare shi har ba ta san adadi ba. Ƙanwar mamacin ta turo shi, aka kunna a ɗakin, abokin yana fassarawa a hankali.

Muryar saurayi ce mai fara'a, tana amsa kuwwa.

"Inna, ga ni na dawo don ke. Ba kowa, duk sun fita. Saurara."

Ƙwas. Ƙwas. Ƙarar ta mutu nan take, kamar an bugi tukunyar da ta tsage.

"Kin yi gaskiya, tsohuwa, na sara miki. Bari in ɗan kankara mu gani." Aka ji ƙarar farce. "Kai! Inna, ciki fari ne. Filasta ce aka shafa wa fenti!"

Shiru ya biyo baya. Can sai muryar ta dawo, ta yi ƙasa.

"Kamar wani na saukowa. Bari in nuna masa. Zan kira ki."

Saƙon ya ƙare.

Sajan ya girgiza kai. "Bai ambaci suna ba, yallaɓai."

Uwar ta yi magana daga can, abokin ya fassara.

"Ta ce ku mayar da shi wurin shirun nan, ku ƙara murya. Ta ce ɗanta ba shi kaɗai ba ne tun kafin a sauko."

Aka mayar. Aka ƙure ƙarar. A cikin shirun akwai wani abu: numfashi mai shaƙe-shaƙe, yana fita da ɗan fito, kusa ƙwarai, kamar mai yin sa ya kafa baki a jikin wayar. Sai kuma fss, fss, sau biyu. Sannan ƙarar jan kujera.

Sajan ya ja da baya daga wayar.

"Bangon Iya ke nan," ya ce a hankali. "Yallaɓai, aljanu na zama a kujera?"

"Shi za mu je mu gano."

Da la'asar suka koma kangon. Insifekta ya sauka da tocila, ya bi bango yana shafawa. Sama da gurbin dutsen, inda inuwa ta rufe, ya sami wani rami da bai fi faɗin tafin hannu ba. Iska mai ɗumi na fitowa ta ciki. Ya fito waje ya auna wurin da ido. Daidai saman zauren akwai ƙaramin sito manne da bayan ofis, da ƙaton kwaɗo a ƙofarsa.

"Wa ke da makullin nan?" ya tambayi mai shara.

"Baba kaɗai. Ko shara ba ya bari in yi. A nan yake hutawa."

Aka sa dattijon ya buɗe. Ciki tebur ne da kujera ɗaya, da buhun filasta da aka sha rabi, da gwangwanin baƙin fenti. A ƙasa kusa da ƙafar kujerar akwai rami a jikin daɓe.

"Na gyaran bango ne," in ji Baba Mai Makulli tun ba a tambaye shi ba.

"Na gani. Sajan, zauna nan. Baba, mu sauka."

"Na ce maka gwiwata..."

"Zan riƙe ka."

Suka sauka a hankali. Suna tsaye gaban dutsen sai bango ya yi gyaran murya, sannan ya ce, sarai kamar a kunnensu, "Yallaɓai, kana ji na?"

Dattijon bai ko motsa ba.

"Ba ka yi mamaki ba, Baba."

"Tsohon ramin iska ne. Na san da shi."

"Ka bar baiwar Allah tana shara cikin tsoro shekara da shekaru. Mu hau, na manta abu a sama."

Suka hau. Suna isa Insifekta ya ce a'a, ashe a ƙasa ya bar shi, su koma. Kafin su kai tsakiyar matakala ƙirjin dattijon ya fara fito. Ya jingina da bango, ya yi ta kokawa da numfashi, yana ƙin kai hannu aljihu. Daga ƙarshe ya kasa. Ya zaro ɗan abin shaƙa na masu asma ya kai baki.

Fss. Fss.

Insifekta ya bari numfashinsa ya daidaita. Sannan ya ciro wayarsa ya kunna wurin shirun nan. Numfashin ya cika zauren, sai fss, fss, sai jan kujera.

"Wannan jiya ne da yamma, lokacin da ka ce kana gida."

Dattijon ya zame ya zauna a kan matakala. Makullansa suka yi ƙara.

"Ina dutsen, Baba? Wa ka sayar wa?"

Ya ɗago a fusace.

"Sayarwa? Ni? Ka taɓa jin wanda ya sayar da ransa?" Ya goge baki. "Hukuma sun aiko mini cewa ƙarshen shekara zan yi ritaya. Za su kawo wani yaro da bai san komai ba. Tun ba ni da gemu nake kula da dutsen nan. Matata ta rasu, 'ya'ya sun watse, shi kaɗai ke amsa mini in na yi magana. Lokacin da aka rufe wurin don gyara na ɗauke shi a baro. Na zuba wannan a madadinsa, na sa igiya. Ba wanda ya gane. Malaman jami'a sun zo sun wuce."

"Sai yaron."

"Ba na jin yarensu. Amma na ji ƙarar farce ta ramin. Na sauko, ya taryo ni da murna, wai Baba zo ka gani, an yi muku sata, mu kira 'yan sanda. Ya juya zai hau." Ya dubi hannunsa. "Kwaɗon sito ne a hannuna. Ban san lokacin da na ɗaga ba."

"Wayarsa fa?"

"Tana gida. Ta yi ta ƙara, ta yi ta ƙara, na kasa kashewa. Na tura ta ƙarƙashin katifa."

Sajan ya sauko ya sa masa ankwa. Dattijon bai yi gardama ba.

Gidansa ɗaki biyu ne a ƙarshen wani layi, tagogi duk a rufe da labule mai kauri. Wayar na inda ya ce. Dutsen kuwa a kan gado suka same shi, a gefen da matarsa ke kwana kafin ta rasu, an sa masa matashi, an ja masa bargo har wuya. Rufaffun idanun suna kallon silin.

Sajan ya tsaya a bakin ƙofa.

"Yallaɓai, a kira wasu su ɗauka mana."

"Kama can."

Da ƙyar su biyu suka kai shi bayan mota, suka kwantar a kan bargon. Aka zaunar da dattijon a kujerar baya. Maƙwabta sun fito ƙofar gidajensu suna kallo.

Hanyar ba ta da kyau. Motar na faɗawa ramin farko dutsen ya bugi ƙarfen bayan, ya saki wata ƙara siririya mai tsawo, wadda ta daɗe tana yawo cikin motar kafin ta mutu.

"Na'am," in ji dattijon, a hankali.

Sajan ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya rage gudu, yana kauce wa ramuka iya ƙoƙarinsa. Amma ramukan sun yi yawa. Har suka isa caji ofis dutsen na kira, tsohon na amsawa, kuma ba wanda ya waiwaya a cikinsu.