Zuma Ludayi Tara da Rabi

A wani gari, can zamanin da, an yi wata mata mai sayar da zuma a goruna. Da ta auna gorunanta, sai ta ga kowanne ludayi tara da rabi yake ci.

Maƙwabciyarta a kasuwa ta ce, "Yaya, ki ce goma mana, kamar kowa. Wa zai auna?"

Ta ce, "Ai ni na auna."

Ta ɗaga murya: "Zuma, ludayi tara da rabi!" Kasuwa ta kwashe da dariya, masu saye suka wuce wurin masu goma.

Ran nan wata tsohuwa ta zo da ludayinta. Gorunan masu goma duk takwas suka ba ta. Na matar kuwa tara da rabi cif. Nan take zumarta ta ƙare.

Washegari sai ga maƙwabciyar tana talla ƙasa-ƙasa: "Zuma, ludayi takwas!"