Numfashi a Rami na Huɗu

Bayan la'asar Manaja ya tare Mai Awo a ƙofar masana'anta, jaka a kafaɗarsa zai tafi gida.

"Ina zuwa? Babban injin nan gobe da safe nake so ya tashi. Koma ka auna mini."

Shekara goma sha tara Mai Awo yana wannan aiki, ba a taɓa dawo masa da awonsa ba. A cikin injin akwai ramuka shida a jere, inda doguwar sandar ƙarfe take kwanciya tana juyawa. In rami ɗaya ya kauce ko da kaurin gashi ne, sandar za ta yi ta cin ƙarfe har ta karye, ta yi kan na kusa. Mutum takwas ke tsayawa a gefenta kullum. Shi ya sa ake kafa na'urar leza a bakin injin, siririn jan haske ya ratsa ramukan, a riƙa saka ɗan faranti a kowanne, lamba ta fito a allo. Sai Mai Awo ya sa hannu a takarda ake tayar da inji.

Awa biyu ya yi yana saita hasken. Magariba ta kawo kai, ma'aikata sun watse.

Baba Mai Giris, tsohon da ya riga kowa fara aiki a wurin, ya ɗaga sifana. Ƙa'idarsu ce tun da: injin da ya daɗe a buɗe, ba a zura masa hannu sai an ƙwanƙwasa sau uku, an yi sallama, an jira.

Manaja ya fizge sifanar.

"Ka buga hasken ya goce, mu kwana a nan? Wa za ka yi wa sallama? Surukanka ne a ciki?"

"Ranka ya daɗe, wata uku yana buɗe."

"To, a kai musu tabarma."

Ya wuce ofis da sifanar a hannu. Mai Awo bai ce uffan ba, don shi ma yana tausayin awa biyunsa. Shirun nan ne yake cin ransa har yau.

Rami na ɗaya, daidai. Na biyu, daidai. Na uku ma haka.

A na huɗu lamba ta ƙi tsayawa. Ta hau. Ta sauka. Ta sake hawa.

Mai Awo ya yi tsaki. Ya san iska mai ɗumi tana lanƙwasa hasken. Ya duba fanka, a kashe. Tagogi a rufe. Ba motsi sai baƙin mai da ke ɗiga a tire.

Wani wari ya taso. Ba na mai ba ne. Irin na ɗakin da aka rufe dabba ta kwana.

"Baba," ya ce a hankali, "riƙe numfashinka."

Su biyu suka riƙe.

Lambar ta hau. Ta sauka.

"Ɗana, bar farantin nan. Mu tafi."

"In ce wa mutumin can me? Inji yana numfashi?"

Ya zura hannu har gwiwa zai ciro farantin. Ƙarfen da ya yi wata uku ba wuta, ɗumi gare shi kamar cikin baki.

Aka kama wuyan hannunsa.

Ba da ƙarfi ba. Aka dai riƙe, aka fara ja.

Kafaɗarsa ta daki bakin ramin.

Baba ba shi da sifana. Ya dunƙule hannu ya naushi ƙarfen. Ɗaya. Biyu. A na uku yatsunsa suka fashe. Ya yi sallama.

Ɗigar mai ta tsaya.

Daga can ciki aka ce, "Sai yanzu?"

Aka saki Mai Awo. Ya faɗi da baya a kan na'urar, gilashinta ya tarwatse.

Da safe Manaja ya miƙa masa takarda.

"Sa hannu. Biyar sun yi daidai, ɗaya ne zai gagara?"

"Uku na auna, ba biyar ba. Ba na sa sunana a kan abin da ban auna ba."

Kafin azahar aka kore shi. A takardar kora aka rubuta: sakaci da lalata kayan aiki. Sakaci! Mutumin da ya ƙi yin ƙarya shi ne mai sakaci, wanda ya ƙwace sifana, ya cika lambobi uku da ka, ya sa hannu a gurbin da ba nasa ba, shi ne yake zaune a ofis yana shan iska. Baba da ya je ba da shaida, cewa aka yi tsufa ne.

Mai Awo ba aikin yake roƙo ba. Sau huɗu ya rubuta wa masu masana'antar: a goge kalmar nan daga takardarsa, a kashe injin, a sake auna rami na huɗu. Ba amsa. Inji na aiki, mutum takwas na gefensa.

Shi kuwa ya san abin da ba su sani ba. A wuyan hannunsa akwai ɗan jan ɗigo da sabulu ya kasa fitarwa. Yana hawa, yana sauka, ba da numfashinsa ba.

Wata biyu ɗigon yana hawa da sauka a hankali.

Tun shekaranjiya ya fara haki.