Tsamiya da Fankar Kwamiti

Ranar Talata, tara ga watan Afrilu, a wani gari can da daɗewa, kwamitin yaƙi da ɗumamar yanayi ya sare tsamiyar bakin kasuwa, wai tana tare wa farantin sola rana.

Wani tsohon malamin makaranta ne ya dasa ta, kuma a inuwarta mata ke sayar da fura. Da ya ji labari, ya ɗauki sandarsa sai ofishin kwamitin. Ya tarar da su ƙarƙashin fanka, kowa na ɗora wa jam'iyyar ɗan'uwansa laifin zafi.

"Baba, matso kusa da fanka," in ji shugaba.

"Ina inuwarmu?"

"Ai wannan makamashi ne mai tsafta, Baba. Matso kusa da fanka."

"Mutum nawa take fifita?"

"Mu bakwai."

"Tsamiya arba'in take ɗauka. Ashe wahalar banza na sha da na koya maka lissafi!"

Suka yi masa tayin kujera a kwamiti, daf da fanka. Tsoho ya ƙi, ya koma ya zauna kan kututturen tsamiyar, cikin rana, tare da masu fura.

"Ku gaya wa shugaba," in ji shi, "ranar kasuwa ya tsaya nan da tsakar rana, ba laima, ya ba matan nan haƙuri kowa na ji."