Hoton Kafin a Sha Shayi

Ranar da Umma ta ja ta zuwa shagon hoto, Kumatu ba da son ranta ta bi ba. Da wannan suna ake kiranta tun tana goye, kuma kumatun ba su taɓa ba sunan kunya ba. Umma ce ke haɗa shayin rage ƙiba a gida, ta daka ganyaye da saiwoyi ta zuba a 'yan kwalaye. Yanzu hoto biyu take so a jikin kwalin, na kafin a sha da na bayan an sha, kuma duka yau za a ɗauka da 'yarta.

"Na farko ki saki ciki, ki ɓata rai," in ji Umma, tana zura mata wata riga da za ta ci mutum biyu. "Na biyu ki shanye cikin, ki riƙe numfashi. Sauran mai hoto zai rage a kwamfuta."

Mai hoton, wani dogo mai tabarau, ya ɗaga kyamara. Kumatu ta yi iya ƙoƙarinta ta haɗe rai, amma da ta ga ya leƙo ta gefen kyamarar ya saki baki ya manta da aikinsa, sai dariya ta kuɓuce mata. Daidai nan ya danna. Gabanta ya faɗi, irin faɗuwar da mutum ba ya son ta daina.

Umma ta bar masa lambar Kumatu don ya turo hotunan. Washegari saƙo ya shigo:

"Salam, mai hoto ne. Ki yi haƙuri, ba zan iya aikin hotonki ba."

Ranta ya sosu ƙwarai. Ta share ƙwalla ta rubuta: "Na gode. Ashe har kwamfuta ta gaza da ni."

"Kin fahimce ni a baibai. Na buɗe hoton zan rage, na rasa ta inda zan fara. Duk inda na kai hannu sai in ga asara zan yi. Wai ke kin taɓa shan shayin ma?"

"Tun ina makaranta nake sha. Barcin safe kawai ya rage min, saboda zaryar banɗaki."

"To ki bar min kumatun nan yadda Allah ya yi su, ina da buƙatarsu."

Kumatu ta kifa wayar a ƙirji, ta yi ta juyi a tsakar ɗaki kamar wadda aka ba kyautar mota. Daga ranar wayarta ba ta ƙara hutawa ba. Shi yana ce mata Kumatuna, ita tana ce masa Tabarau. Kullum sai ta sami dalilin bi ta layin shagonsa, ko da kuwa gishiri aka aike ta saye a bakin ƙofar gida.

Amma da Tabarau ya turo manyansa neman izini, Umma ta yi tsalle ta dire.

"Yaron da ya ƙi yi min aiki, ya mai da sana'ata ƙarya? Ga dillalin da ke kawo min ganye, mutum mai mutunci, ya ce da zarar kin zube zai fito."

"Umma, in ban zube ba fa?"

"Ki ƙara cokali ɗaya."

Kumatu ta daina cin abincin kirki, ba don shayi ba, don tsoron rasa Tabarau. Ya rubuto mata: "Kada ki rame a kaina, Kumatuna. In kika rame Umma za ta ce shayinta ne, shi ke nan mun faɗi."

Ta yi dariya har da hawaye, ta kai wa Abba ƙara.

Abba ba mai yawan magana ba ne. Ya jira Umma ta ajiye masa kofin shayinsa na safe, sannan ya ɗora hannu a kan tumbinsa ya shafa.

"Tun ranar da kika fara haɗa shayin nan nake sha, ban taɓa tsallake rana ba. Ga shaida, ki duba da kyau."

Umma ta kalli tumbin, ta kawar da kai.

"Masu neman yarinyar nan biyu ne," ya ci gaba. "Ɗaya yana son wadda ke gabansa. Ɗayan yana jiran wadda ke hoto na biyu, wadda ni ubanta ban taɓa gani ba. Wa za mu ba?"

Can Umma ta ce, "Amma ai shayin yana da daɗi."

"Daɗi kam ba a magana. Shi za ki rubuta a kwalin."

Dariya ta ƙwace wa Umma duk da ba ta so. Ta jawo Kumatu jikinta ta ja mata kumatu. "Ki ce wa ɗan taurin kan nan ya fito. Amma shi zai yi min hoton kwali, kofi kawai, babu mutum."

Kumatu ta fita da gudu, don ɗoki har sau biyu tana kuskuren lambarsa.

Ranar ɗaurin aure gida ya cika ya batse, Umma na ta sa albarka, tana raba wa baƙi shayi wanda aka cire masa saiwar nan mai sa zarya. A karo na farko Tabarau ya miƙa wa abokinsa kyamara, ya zo ya tsaya kusa da amaryarsa. Abokin ya ce a shirya. Kumatu, bisa sabo, ta shanye ciki ta riƙe numfashi.

Angon ya sunkuyo kusa da kunnenta.

"Saki numfashinki, Kumatuna. Dukkanki na aura."

Ta saki, dariya ta biyo baya, abokin ya danna. Wannan hoton ne ke rataye a falonsu, kusa da na babbar riga. Duk wanda ya shigo sai ya tambayi wanne ne kafin, wanne ne bayan, don bai ga abin da ya ragu ba. Allah ya bar su tare.