Makin Baba

"Ƙarya ka yi wa mahaifina," in ji Auta.

"Ƙarfin gwiwa na ba shi," in ji saurayin da ke kula da injin motsa hannu, wanda kowa a sashen gashin ƙashi na asibiti ke kira Mai Inji.

A bakin ƙofa suke tsaye. A ciki Baba tela na zaune, hannunsa na dama da ya shanye ɗaure a jikin injin. Aikin Baba shi ne ya tura hannun, ɗigon da ke kan allo ya je ya taɓa ƙwallo. In ya gaza, injin ya ƙarasa masa.

Sati uku Mai Inji na ƙara taimakon a ɓoye. Maki na hawa, Auta na murmushi. Murmushin yake nema tun ranar da ta fara turo keken mahaifinta ɗakin.

Jiya Baba ya ci maki casa'in, ya koma gida ya ɗauki almakashi. Almakashin ya suɓuce ya faɗi.

"Ina jin ku," tsohon ya ce daga ciki. "Wanda ya yaudari hannuna ba zan ba shi 'yata ba. Wasan yaran nan ma na daina."

Da yamma Mai Inji ya tura mata saƙo: "Autata, na yi laifi. Me Baba ya fi so a duniya?"

Ta amsa: "Ɗinki miƙaƙƙe. Kuma ni ba taka ba ce."

Ya je ya faɗa wa likita abin da ya yi, ya sha faɗa. Aka rage taimakon. Ya cire ƙwallayen, ya sa dogon layi a allon.

Da ƙyar Auta ta lallaso Baba ya dawo.

"Bakin riga ne, Baba. A kalmase," in ji Mai Inji.

Tsohon ya harare shi, ya tura hannun, gumi na zuba. Sha ɗaya ya ci.

"Wannan nawa ne ko na injinka?"

"Naka ne."

"Shi ya sa ya karkace. Sake sa min."

Mai Inji ya daɗe yana mamakin yadda sha ɗaya ta riƙe mutumin da casa'in ta kora.

A wata na biyar saƙon Auta ya shigo: "Yau ya sa zare a allura. Sau tara ya gwada, ya hana mu taimaka. Sake kirana da sunan nan."

"Autata."

"Na'am."

Ranar ɗaurin auren Auta da Mai Inji Baba ya ɗaga hannun nan na dama a hankali. Ba wanda ya taɓa shi har ya sauka a kafaɗar ango.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Aka ce amin. Bai ɗauke hannun ba. Ya dubi 'yarsa, ya dubi angon.

"To, kun samu abin da kuke so. Ranar Litinin wa zai kai ni gashi?"